Ciwon da Ke Maimaituwa a Gida Ɗaya: Nasiha ga Ɗaliban Kimiyya na Tamale

Ƙannena da 'ya'yana masu karatun kimiyya a Tamasco da Ghanasco da sauran sakandaren Tamale, da ku da kuka riga kuka shiga jami'ar UDS kuna koyon likitanci ko jinya ko aikin ɗakin gwaji, ina so ku sa wani fanni a lissafinku tun kafin ku tsai da shawarar inda za ku dosa. Fannin shi ne binciken garkuwar jikin yara, musamman yaran da ake haifa da giɓi a garkuwar, giɓin da suka gada tun suna ciki. Ba shi ke fara zuwa zuciyar ɗalibi ba, kuma ba laifin ɗalibin ba ne. Likitan fiɗa da likitar mata su ake gani, su ake tasowa a gaisar in sun shiga kasuwar Aboabo, mai leƙen jini a madubin likita kuwa ko maƙwabcinsa bai san aikinsa ba. Abin da nake son tabbatar muku shi ne arewacin Ghana ya iso lokacin da wannan bincike ya zama larura, kuma mafarinsa ya fi sauƙi a hannun wanda ya tashi a nan, yake jin Dagbanci da Hausa, ya san yadda ake sallama a shiga gida a tambayi uwa labarin 'ya'yanta da suka rasu ba tare da an fama mata miki ba.

Garkuwar jiki ma'aikata ne iri-iri, kuma kowanne in ya gaza akwai irin ciwon da ke biyo baya. Akwai fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutrofil, masu haɗiye ƙwayar cuta su kashe ta; yaron da nasa ke haɗiyewa amma su kasa kashewa, shi za ka ga maruru da kaluluwa da ƙurji a hanta sun ƙi barinsa. Akwai ƙwayoyin B masu ƙera antibodi. In babu su, jariri yakan yi wata shida na farko lafiya lau da abin da ya samo daga jinin uwa ta mahaifa, wannan na ƙarewa sai ciwon kunne da ciwon huhu su fara zuwa bi da bi. Akwai kuma ƙwayoyin T, masu samun horo a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, waɗanda su ke jagorantar sauran. Rashinsu ya fi kowane muni, shi ne ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da SCID: gudawa ba tsayawa, farin abu ya rufe harshe da dasashi, tari, rama, kuma in ba a yi dashen ɓargo ba da wuya yaron ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Ƙungiyar masana garkuwar jiki ta duniya ta lissafa irin waɗannan cututtuka 485 a jadawalinta na 2022, kuma ba shekarar da ke wucewa ba a gano sababbi ba. To, ku duba alamomin da na ambata. Babu ɗaya da ba a saba gani ba a ɗakin yara na Asibitin Koyarwa na Tamale, kuma kowace tana da bayani na kusa: zazzaɓin cizon sauro, tamowa, ƙanjamau, gurɓataccen ruwa. Galibi bayanin na kusa shi ne gaskiya. Damuwata tana kan yaron da aka gwada ba a sami ƙanjamau ba, ana ciyar da shi daidai gwargwado, ya sha magani ya warware, bayan sati uku ya dawo, ya sake dawowa, har ranar da aka rubuta ciwon huhu a takardar rasuwarsa aka rufe fayil. Ciwon huhun ne ya kashe shi, ba a yi ƙarya ba, amma ba wanda ya tambayi abin da ya sa ciwon ya same shi sau biyar a shekara guda.

Tarihin fannin kansa yana nuna dalilin da ya sa nake cewa lokacinmu ya yi. A 1952 wani likitan yara na sojan Amurka, Ogden Bruton, ya bayyana labarin wani yaro ɗan shekara 8 da ya yi ta kamuwa da mugun ciwo a jini. Da ya auna jinin da wata na'ura da ta shigo a lokacin, mai rarrabe furotin ɗin jini da lantarki, sai ya tarar sashen da antibodi ke zama babu komai. Ya fara yi masa allurar antibodi na wasu mutane duk wata, ciwon ya lafa. Tun fil azal ana haifar irin wannan yaro. Abin da ya sa sai a 1952 aka gan shi shi ne zuwan fenisilin, domin kafin nan ciwon farko ko na biyu ke tafiya da shi, ba ya rayuwa har wani ya lura cewa abin maimaituwa yake yi. Matakin da Ghana take kai ke nan. Binciken lafiyar jama'a na 1988 ya nuna yara 155 cikin 1,000 na mutuwa kafin su cika shekara biyar, na 2022 ya nuna 40. Arewa na bayan kudu a wannan lissafi, amma ita ma ta sauko ƙwarai. A 2012 aka shigo da rigakafin gudawar rota da na ciwon huhu a ƙasa baki ɗaya, a shekarar kuma aka yi wa yankunan arewa rigakafin sanƙarau nau'in A, sannan a 2019 Ghana na cikin ƙasashe uku da suka fara ba da rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Duk sa'ad da aka rage yaran da ƙyanda da gudawa da sanƙarau ke ɗauka, kason waɗanda matsalarsu ta gado ce yana ƙaruwa cikin waɗanda suka rage a kan gadajen asibiti. Ku da za ku kama aiki nan da shekara biyar ko goma, za ku riƙa cin karo da su fiye da yadda malamanku suka ci.

Mai hankali zai ce, a yankin da sauro da yunwa ke kashe yara dubbai, wace hikima ce mutum ya kashe ƙuruciyarsa kan ciwon da ke samun ɗaya cikin dubu hamsin? Tambayar tana da nauyi, kuma wanda bai yi ta ba bai san inda yake zaune ba. Mu fara da lissafin. Tun da aka soma gwada jarirai a jihar Wisconsin a 2008, ƙididdigar Amurka ta nuna SCID na samun jariri 1 cikin 58,000, kusan ninki biyu na abin da ake zato kafin a fara dubawa. Ghana na haifar jarirai kusan 900,000 a shekara. Ko adadin Amurka aka ɗauka, jarirai 15 ke nan kowace shekara, daga ciwo ɗaya tak cikin ɗaruruwa, kuma sauran nau'o'in da ba su kai shi tsanani ba sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Sannan babu hujjar ɗaukar adadin Amurka a matsayin namu. Cikin ƙabilar Nabaho ta Amurkar kanta, ciwon na samun kusan jariri 1 cikin 2,000, saboda wani sauyi guda a ƙwayar halitta da aka gada daga kakanni. A Maroko da Aljeriya da Tunisiya, inda auren zumunci ya yawaita, akwai wani nau'in rashin garkuwa da ba a cika ganinsa cikin Turawa ba, kuma likitocin can, irin su Aziz Bousfiha a Kasablanka da Ridha Barbouche a Cibiyar Pasteur ta Tunis, sun zauna sun tattara marasa lafiyarsu har duniya ta koma tana koyo a wurinsu. A Kasablanka aka kafa ƙungiyar Afirka ta wannan fanni a 2008. Rajistar marasa lafiya mai ƙarfi a nahiyar nan tana arewacinta da Afirka ta Kudu, Afirka ta Yamma kuwa abin da aka rubuta bai taka kara ya karya ba. Ba ni da wani dalili na yarda cewa Allah ya keɓe yaran Dagbon da na zango daga abin da ke samun yaran kowace al'umma da aka taɓa dubawa.

Amsar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ciwon da ba shi da yawa shi ke koya mana yadda mai yawa ke aiki. A 1996 aka gano, a wasu yara 'yan ƙauye ɗaya a tsibirin Malta, da wata jaririya da allurar BCG, rigakafin tarin fuka, ta zame mata ajali, cewa ƙwayoyin jikinsu ba sa jin saƙon wani sinadari mai suna intaferon-gama. Daga waɗannan yara ƙalilan aka tabbatar cewa sinadarin nan shi ne ginshiƙin kariyar ɗan Adam daga dangin ƙwayar tarin fuka, ciwon da ke kashe sama da mutum miliyan ɗaya a shekara. Jean-Laurent Casanova da Laurent Abel, da suka fara aikinsu a Asibitin Necker na Paris, sun bi wannan hanya shekara da shekaru, har a 2020 suka nuna cewa wani kaso na waɗanda korona ta kwantar da su rai a hannun Allah suna da matsala a wani nau'in intaferon ɗin. Yanzu ku kawo tambayar gida. Tamale na cikin yankin da sanƙarau ke tashi da bazara, kuma annobar 1996 zuwa 1997 ta kama sama da mutum 18,000 a arewacin Ghana. An san cewa mutane da yawa na ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro ba tare da ta yi musu komai ba. Me ya sa a gida ɗaya, ɗaki ɗaya, ƙura ɗaya, wannan ya kwanta wancan ya tsira? Sashe na amsar yana cikin wasu furotin na jini da ake kira komplimen, masu huda jikin ƙwayar cutar. Wanda aka haifa ba shi da ɗaya daga na ƙarshensu, haɗarinsa ya ninka na kowa ninkin ba ninki, kuma sanƙarau yakan sake kama shi bayan ya warke. A yankin Kef na Afirka ta Kudu an sami iyalai da dama masu wannan giɓi, da aka bi diddigin waɗanda ciwon ya maimaita musu. Duk wanda ya tattara yaran arewacin Ghana da sanƙarau ya kama sau biyu ya auna musu wannan abu, ya yi aikin da masana za su karanta daga Dakar har Tokyo.

Haka lamarin yake ga sikila, wadda kusan jarirai 2 cikin 100 ke zuwa da ita a Ghana. Ba a lissafa ta cikin cututtukan garkuwa na asali, amma tana lalata saifa tun yaro na ƙarami, kuma ƙwayar ciwon huhu ce ke kashe da yawansu kafin iyaye su san sunan ciwon. Wani gwaji da aka wallafa a 1986 ya nuna fenisilin na kullum ya rage irin wannan kamuwa da kashi 84 cikin 100, abin da ya sa likita Kwaku Ohene-Frempong ya dage har aka fara gwada jarirai a Kumasi a 1995. Nau'in jinin C, ɗan'uwan na sikila, ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso fiye da ko'ina a duniya, kuma binciken David Modiano a Burkina ya nuna yana kare mai shi daga zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda ya nuna cewa jikin Fulani na tunkarar zazzaɓin ta wata hanya dabam da ta maƙwabtansu Mosawa. Wanda ya ƙware a garkuwar jikin yara ba zai rasa abin yi a kan sauro da tarin fuka da tamowa ba, domin ilimin ɗaya ne.

Na ce mafarin aikin ya fi sauƙi a hannunku, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku sosai. Gidajenmu sun daɗe da lura da abin da asibiti bai rubuta ba. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana ce tana wabi, a sa wa wanda ya biyo baya suna Ajuji ko Ayashe ko Abarshi don neman ya tsaya. Yarbawa da Ibo suna da irin wannan, kuma da aka bincika a ƙasar Ibo an sami sikila a da yawa daga yaran. Ba kowane wabi ne ciwon gado ba, yunwa da sauro da rashin ungozoma ma suna maimaituwa a gida ɗaya. Amma tarihin iyali shi ne kayan aiki mafi ƙarfi a wannan fanni, kuma ba ya cin ko sidi ɗaya. Ciwon da Bruton ya gano, da nau'in SCID da ya fi yawa a Turai da Amurka, ta wajen uwa suke bi su kama maza kaɗai. Alamarsu ita ce 'yan mata na girma lafiya, maza na tafiya tun suna goye, kuma in ka zurfafa tambaya sai ka tarar kawunan yaron ma, 'yan'uwan mahaifiyarsa maza, ba su yi rai ba. Wannan labari kaka ce ke riƙe da shi, kuma ba za ta ba baƙo mai fom da tafinta ba. In ka tambayi uwa 'ya'yanta nawa, sau da yawa masu rai za ta lissafa maka. Wata kunyar ɗan fari za ta hana ta ambatonsa. Matar da ta kawo yaron asibiti mai yiwuwa goggonsa ce mai riƙonsa, abin da ya yawaita a Dagbon da zango, ba ta ga laulayin farkonsa ba. Kalmar ɗan'uwa kuma ta haɗa shaƙiƙi da ɗan uba da ɗan baffa, alhali a lissafin gado na jini bambancinsu shi ne komai. Masani daga Landan, komai ƙwarewarsa, zai zana bishiyar dangin nan a karkace. Ɗalibar jinya da ta tashi a Zogbeli ko Sabonjida za ta zana ta daidai, in an koya mata abin da take nema.

Za ku ce ina kayan aiki? Gaskiya ne tabbatar da sunan ciwon a ƙarshe yana buƙatar karanta ƙwayoyin halitta, kuma wannan sai an aika jini waje ko a ƙalla Akara. Amma matakin farko yana cikin takardar gwajin jini ta yau da kullum da ake bugawa a kowane babban asibiti. Kusan kashi 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin jinin da ake kira limfosait ƙwayoyin T ne, don haka jaririn da ba shi da su adadinsa zai faɗi. Inda ake tuntuɓe shi ne jariri lafiyayye yana da limfosait fiye da babba nesa, adadin 1,500 da ya yi daidai ga magidanci abin tsoro ne ga ɗan wata biyu, kuma masana sun daɗe suna cewa duk jaririn da ya gaza 2,500 a sake duba shi. Wanda ya karanta takardar da ma'aunin manya zai ce lafiya lau. Wurin allurar BCG da ya ƙi warkewa tare da kaluluwa a hammata da wasu sassan jiki, cibiyar da ta haura wata ɗaya ba ta faɗi ba, hoton ƙirji da ba a ga inuwar tsokar nan mai horar da ƙwayoyin T ba, duk ido ne da sani. Na'urorin ƙidayar CD4 da yaƙi da ƙanjamau ya kawo, da ɗigon jini a takarda da ake ɗauka a dugadugan jarirai, da na'urorin PCR da suka ƙaru lokacin korona, irinsu ne ake amfani da su a wannan fanni. Akwai ma aikin da ke jiran mai yi tun kafin a kai ga marasa lafiya, wato tsai da ma'aunin jinin yaranmu lafiyayyu. Kusan duk mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, abin da ke kare su daga wani nau'in zazzaɓin sauro, kuma yana tafiya da ƙarancin niyutrofil da ba ciwo ba ne. Ma'aunin da aka gina a kan yaran Turai zai kira lafiyayyenmu marar lafiya, ya kuma iya ɓoye marar lafiyar gaske.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan ciwo a zuciya: mene ne amfanin gaya wa talaka sunan ciwon da ba zai iya biyan maganinsa ba? Antibodi na allura, da ake ƙara wa yaro duk sati uku ko huɗu har iyakar rayuwarsa, yana da tsada ƙwarai. Dashen ɓargo, wanda Robert Good ya fara yi wa mai SCID a Minnesota a 1968, yana ceton sama da kashi 90 cikin 100 in an yi shi kafin jariri ya cika wata uku da rabi, amma ya fi ƙarfin kusan kowane gida a Tamale. Ba zan rage wa wannan magana nauyi ba. Sai dai da yawa daga cututtukan nan ana riƙe su da abin da ke kantin magani: Septrin na kullum da maganin fangas ga mai raunin niyutrofil, rigakafi da fenisilin ga mai giɓin komplimen. Sanin ciwon yana sa a jinkirta allurar BCG ga ƙanen da za a haifa har a gwada shi, yana sa a yi hattara da irin jinin da za a ƙara masa, yana tsai da yawon gida tsakanin asibiti da masu magani ana sayar da awaki da gona. Yana kuma cire wa uwa zargin cewa ita ke cinye 'ya'yanta ko wani ya yi mata asiri. Bayan haka, hukuma ba ta ware kuɗi don abin da ba a ƙidaya ba. Inshorar lafiya ta ƙasa ta karɓi maganin haidroksiyuriya na masu sikila da wasu nau'o'in kansar yara ne bayan likitoci sun shafe shekaru suna tara adadi suna kai wa. Dashen ɓargon ma ya fara matsowa, tun 2011 aka yi na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a Najeriya, ga wani mai sikila.

Dole in ja muku kunne a kan amana, domin fannin nan jinin yara yake ɗiba, asirin dangi yake buɗewa. A Kano a 1996, cikin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Raunin da wannan ya bari yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake ɓulla a ƙasashe da dama har da Ghana. Saboda haka neman izini a harshen da uwa ke ji, da komawa a gaya mata sakamako ko da ba mai daɗi ba ne, wani sashe ne na binciken kansa. Ku kiyayi harshenku a wurare biyu musamman. Ciwon da ke bi ta wajen uwa, in ka faɗe shi gatsau a gaban miji da danginsa, kana iya kashe aure a zama ɗaya. Auren zumunci kuma, yana ƙara yiwuwar haɗuwar sauyi iri ɗaya daga ɓangarori biyu, amma mafi yawan 'ya'yansa lafiyayyu ne, kuma aikinku shi ne ba da sani ga dangin da abin ya bayyana a cikinsu, ba ku da hurumin zagin al'adar mutane. Sannan kada maganar BCG ta fita daga bakinku ta zama makami a hannun masu hana rigakafi. Yaron da ba shi da garkuwa, rigakafin 'ya'yan maƙwabta ne ke tsare shi daga ƙyanda.

Hanyar shiga ba ɗaya ba ce. Mai karatun likita zai yi shekara shida, ya yi biyu na koyon aiki a asibiti, ya ƙware a ciwon yara ta Kwalejin Likitocin Ghana ko ta Afirka ta Yamma, sannan ya nemi horo a garkuwar jiki, galibi a Afirka ta Kudu ko arewacin Afirka ko Turai. Doguwar hanya ce. Amma rabin aikin nan ba likita ke yinsa ba. Masanin ɗakin gwaji da ya iya na'urar ƙidayar ƙwayoyin jini, mai lissafi da kwamfuta da ya iya tace bayanan ƙwayoyin halitta, ma'aikaciyar jinya da ke wurin awon jarirai, kowanne yana da gurbi, kuma 'yan matanmu sun fi maza damar jin abin da ake faɗa a ɗakin mai jego. Cibiyar Noguchi da ke Legon tun 1979, da KCCR a Kumasi, da WACCBIP da Gordon Awandare, ɗan arewacin Ghana, ya jagoranci kafawa a 2014, duk suna horar da masu digiri na biyu da na uku, sau da yawa da tallafin karatu. Ku riƙe ilimin sinadarai da lissafi da kyau tun daga sakandare, ku koyi rubuta Turanci tsaf domin da shi ake neman kuɗin bincike, kuma wanda ya ƙara da Faransanci ya buɗe wa kansa Wagadugu da Tunis da Kasablanka.

Batun abinci ba na ɓoye muku shi. Mai bincike ba ya tara abin da mai asibitin kuɗi a Akara ke tarawa, tallafi yakan zo ya ƙare, kuma ɗan arewa yana da ƙanne da iyaye da ke jiran albashinsa na farko. Wanda nauyin gida ya hana shi bin wannan hanya ba abin zargi ba ne. Fita waje neman horo ma kusan dole ce, kuma ba na cikin masu kiran duk wanda ya tafi maci amana. Shawarata ita ce ka tafi da tambayar da ka ɗauko daga nan, domin wanda ya isa Paris ko Kef da bayanan iyalai ashirin da ya bi da kansa abokin aiki ne, ana kuma neman irinsa, tun da kason 'yan Afirka cikin manyan binciken ƙwayoyin halitta na duniya bai kai kashi 3 cikin 100 ba.

Ga mai shakkar cewa ana iya yin bincike mai girgiza duniya daga arewa, Navrongo ta isa hujja. An fara aiki a can a 1988 da gwajin bitamin A, sakamakon 1993 ya nuna raguwar mutuwar yara da kashi 19 cikin 100. Gwajin gidan sauro mai magani da Fred Binka ya jagoranta ya nuna raguwar kashi 17 a 1996. Tsarin CHPS da ya kai ma'aikaciyar jinya ƙauye a faɗin Ghana daga can ya samo tushe. Duk wannan ya tsaya ne a kan matasa masu bin gida gida suna rubuta haihuwa da mutuwa ba fashi. Abin da fanninmu ke buƙata a Tamale ya yi kama da haka: rajista guda, da izinin kwamitin ɗa'a na asibiti da na jami'a, ta duk yaron da aka kwantar sau biyu ko fiye a shekara saboda mugun ciwon ƙwayar cuta alhali ba shi da ƙanjamau, a rubuta adadin limfosait ɗinsa da shekarunsa, da yadda wurin BCG ya warke, da bishiyar danginsa zuwa kakanni, a adana ɗigon jininsa a takarda. Ɗalibin ajin ƙarshe da malami ɗaya mai kishi suna iya fara wannan a matsayin aikin kammala digiri, ajin da ke biye ya ɗora. Kafin a aika ko da samfuri ɗaya ƙetare, a rubuta yarjejeniya cewa kwafin bayanan zai zauna a Tamale, sunayen waɗanda suka tattara su za su fito a kan abin da aka wallafa, kuma sakamakon kowane yaro zai dawo ga likitansa da iyayensa.